Zagin Tsofaffi a Wadi Hanifa

Ni ɗan fari ne, saboda haka tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa zama ta yi hira da ni ba. Haka abin yake a ƙauyenmu na ƙasar Gumel, kuma bai taɓa damuna ba sai da na zo Riyad aikin tuƙi, ya zamana babu abin da ya haɗa ni da ita sai waya. Kowace Juma'a bayan la'asar ɗinmu, lokacin da can gida aka sauko daga masallaci, ƙanena yakan kira mu ta bidiyo ya riƙe mata wayar. In gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. In tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Daga nan magana ta ƙare, sai mu yi ta sauraron kukan awakin gidan.

'Yata ce ta riƙe wannan kira da rai. A nan aka haife ta, a unguwar Gubaira, a wani ɗan gida da muke haya a saman shagon masu gyaran firji. Tun tana rarrafe Inna take yi mata wasa ta waya, duk maganar da ba za ta iya yi da ni ba sai ta juye wa yarinyar. Amma da ta shiga makaranta sai Larabci ya cinye mata baki. Tana jin Hausa, ba sosai ba, in ka yi mata magana kuma da Larabci za ta mayar maka. Ita kuwa Inna ba ta fasa abin da kowace kaka take yi wa jika ba. Da ta hango fuskarta sai ta fara: ga mummunar nan, mai ƙafar sauro, baƙuwar da ba ta san tuwo ba, wa ma zai kwashi wannan.

Yarinyar da ta tashi a cikin dangi ta san me ake nufi, ta kuma san yadda ake ramawa. Tawa ba ta tashi da kaka ko ɗaya a kusa ba. Tana da shekara tara wata Juma'a ta ture wayar, ta ce da Larabci tsohuwar nan ba ta son ta, ta shige ɗaki. Uwarta ta yi bayani har ta gaji. Ni kuwa mai saurin hawa ne, na yi faɗa, na hana ta kallo, na zaunar da ita ina biya mata gaisuwar Hausa kamar mai biya karatu. Duk a banza. Da ta ji ƙarar kira sai ta tuna tana da aikin makaranta.

Kiran ya riƙa gajarta. Rannan ƙanena ya kira ni shi kaɗai, ya ce Inna ta ce ba lallai ne a riƙa wahalar da shi da riƙon waya kowane mako ba, tunda kowa lafiya. Na san Inna. In ta faɗi haka, to ta fara janye jiki ke nan, kuma in ta janye ba ni da bakin da zan dawo da ita. Gaskiya na ji tsoro.

A lokacin ina tuƙa wani injiniya ɗan ƙasar Kazakistan, ina kai shi wurin gine-ginen Dir'iyya ina dawo da shi. Mutum ne mai sanyin hali, ya koyi Larabcinsa a makaranta, yana magana kamar mai karanta labarai, leburori suna yi masa dariya a bayan ido. Nawa Larabcin kuwa na bakin aiki ne, na akwai da babu da yi sauri. Da hannu da ka muke ƙarasa yawancin hirarmu. Cikin sanyin shekarar nan iyayensa suka zo Umra, suka biyo ta wurinsa don su ɗan kwana biyu. Ya roƙe ni in kai su shan iska kwarin Wadi Hanifa ranar wata Asabar, ya ce in zo da iyalina in ina so. Uwar yarinyar ta tafi barkar haihuwa a unguwar Shifa, don haka na tafi da 'yata, tana zumɓure-zumɓure a kujerar baya.

Tsohon, uban injiniya, gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa sun ɗan gwame irin na wanda ya tsufa a kan doki. Matarsa ta ɗaura farin kallabi, in ta yi murmushi haƙoran zinare su bayyana. Kowannensu ya rungumo wani abu a cikin jakar ƙyalle. Muka sami wuri a gindin dabino kusa da ruwa, aka shimfiɗa darduma, tsohuwar ta zuba mana shayi da madara a 'yan kwanoni marasa mariƙi, ta ajiye wani soyayyen fulawa mai kama da fanke amma babu zaƙi. Ba ta cika kwano, ɗan kaɗan take zubawa, kana shanyewa ta ƙara. Na ɗauka rowa ce. Daga baya injiniya ya ce a wurinsu cika wa baƙo kwano kamar ce masa ya sha ya tashi ne.

Rana ta yi laushi, iska tana ɗan kaɗawa, can nesa ana hango dogayen ƙarafan ɗaga kaya na wurin aikinmu sun tsaya cik. Sai tsohon ya zaro abin da ke jakarsa. Abin kiɗa ne mai dogon wuya da tsirkiya biyu, cikinsa kamar rabin gora, sun ce sunansa dombura. Ya fara kaɗawa a hankali, sannan ya ƙara sauri, sai ga sautin ya koma sukuwar doki a kan busasshiyar ƙasa. Ban san lokacin da na jingina da dabinon ba. Idona biyu, amma kwarin nan ya buɗe, duwatsun gefe suka ja da baya, ciyawa ta shimfiɗu har inda ido ya ƙare. Ban taɓa zuwa ƙasarsu ba, ban ma san ta wane gefe take ba, amma na ga dawaki suna tafiya a cikinta. Can kuma ciyawar ta zama gero, na ga fadamar bayan garinmu cikin tsakiyar damina, na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a garin da rabona da jin sa na manta.

Muryar tsohuwar ce ta dawo da ni. Ta ɗauko tata domburar, ta gyara zama ta fuskanci mijinta, ta ɗaga murya sama. Ta yi baiti kamar huɗu ta tsaya, shi kuma ya karɓa daga inda ta ajiye. Injiniya ya fara fassarawa da Larabcinsa na littafi, ni ban tsinci komai ba. Sai na ga 'yata ta matso, bakinta a buɗe. Ita kam irin Larabcin da ake yi musu a aji ke nan. Na ce ta faɗa mini, ta riƙa juya mini shi zuwa Larabcin titi, inda ta ga na kasa sai ta jefo kalmar Hausa.

Ashe zagi ne. Tsohuwar ta ce wannan da kuke gani da farin gemu, yana saurayi ya taɓa ɓatar da garken tumakin ubansa domin bai iya duban sama ba, ya ga gajimare ya ɗauka hayaƙin girkin budurwa ne. In ya yi hankali yanzu, to ya faɗa wa jama'a yadda makiyayi yake gane guguwar ƙanƙara tana tafe tun rana na haske. Tsohon ya amsa da waƙa, ya faɗi yadda dawaki suke juya wa iska baya su cure wuri guda, da yadda tsuntsaye suke yin ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce ita kuma mai bakin nan, ranar da aka kawo ta gidansu ta dafa shayin da ko kare ya ƙi, in ta isa ta lissafo kakanninta bakwai ba tare da ta aro na maƙwabta ba. Ta lissafo su, kowanne da kogin da ya shayar da dabbobinsa. Ta ƙare da cewa ba a sami rago a cikinsu ba sai da suka yi suruki.

Nan fa raina ya ɓaci. Ni a ganina faɗa ne ya ɓarke, irin na tsofaffin da suka daɗe suna tara wa juna. Dattijo da furfurarsa, ya dawo daga Ɗakin Allah, matarsa tana tona masa asiri a gaban direba da ƙaramar yarinya, ɗansu kuma yana zaune yana tafi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na durƙusa a tsakaninsu, na ɗaga hannu biyu, na ce da Hausa tsantsa: "Hajiya, a yi haƙuri. Alhaji, don Allah a bar maganar nan, a dubi girman tafiyar da aka yi." Na juya ga injiniya na ce masa da guntun Larabcina wannan aibi ne, ya ba su baki mana.

Kiɗa ya tsaya. Injiniya ya faɗa musu abin da na ce, sai tsohon ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗo, tsohuwar tana share ido da gefen kallabi. 'Yata ta rufe fuska da tafin hannu don kunyar abin da ubanta ya yi.

Injiniya ya yi bayani, 'yata tana miƙo mini. Ya ce sunan abin aitis, gasa ce ta waƙa da ake ƙaga ta nan take, babu wanda yake zuwa da ita a rubuce. Mutum biyu suke fuskantar juna, abin da ɗaya ya jefo shi ɗayan zai ɗauka ya mayar, wanda ya rasa amsa ya yi shiru shi aka kayar. Ana yi a biki, ana yi a manyan zauruka, har masu mulki akan taɓa a ciki. Ya ce shi bai taɓa zama an koya masa sunayen kakanninsa ko na kogunan ƙasarsu ko lokacin tashi da garke ba. A bakin waɗannan biyun ya tsince su, yana yaro yana jiran ya ga wa zai kunyata. Iyayen nasa ma a irin wannan gasa suka fara haɗuwa, uwar ta kayar da uban a gaban mutanen ƙauye biyu, shi kuma ya ga ba zai iya barin maganar a haka ba.

Ban gama jin kunya ba tsohuwar ta juyo da domburarta kaina. Ta rera cewa ga wani bawan Allah mai tausayi, ya ga dawaki suna tsere ya shiga tsakani don ya ga suna gumi, to tunda ya sa baki sai ya amsa. Duk suka zuba mini ido. Ni da ko a gayya ban taɓa wuce amshi ba, na buɗe baki na rufe. Aka kayar da ni ban ce uffan ba.

'Yata ba ta yi dariya ba. Ta dubi tsohon, ta tambayi injiniya da Larabci, a hankali, ko uban nasa ba ya jin haushi in matarsa ta ce masa rago. Da aka faɗa wa tsohon sai ya daina dariya, ya dube ta sosai. Ya ce akwai shekarar da matarsa ta yi ciwo mai tsanani, ta yi sanyi gaba ɗaya tana ce masa sannu da na gode kawai, ba ta tsokane shi ko sau ɗaya ba, kuma bai taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ranar da ta buɗe ido ta ce masa shayinsa ya fi ciwon muni, ranar ya fita ya yanka rago. Tsohuwar ta ɗora da cewa ba a jefa wa wanda ba a so waƙa, kuma wanda aka jefa wa ya yi shiru ya bar ɗan'uwansa a fili shi kaɗai.

Wannan 'yata ba ta fassara mini ba, sai da na tambaya. A hanyar komawa ta jingina kai da gilashi tana ƙwanƙwasa shi da yatsa biyu, ni kuma ina tuƙi sukuwar nan tana ta yi mini amo a kunne har muka shigo hayaniyar Gubaira.

Juma'ar da ta biyo, ni na kira don kada a fasa. Muka yi gaisuwarmu da Inna, muka shiga shirun da muka saba. Sai na ji mutum a bayana. 'Yata ce, ta rungumo gwangwanin madara babu komai a ciki. Inna ta hango ta, sai hali ya rinjaye ta, ta ce a'a, ashe mummunar tana nan da rai. Yarinyar ta zauna, ta kafa gwangwani a cinya, ta fara bugawa. Hausarta tana ɗingishi, amma ta fito:

"Kaka mai haƙori biyu,
ɗaya ja, ɗaya na shirin gudu,
kin ce ni mummuna ce,
Baba ya ce ke na biyo."

Ƙanena ya yi dariyar da wayar ta suɓuce masa, muka ga rufin rumfa da sararin sama. Da hoton ya dawo, Inna tana ƙwala wa matar ƙanena kira ta miƙo mata ƙwarya. Ta kife ta a ƙasa, ta karɓi kiɗan kamar dama jira take yi. Ta ce ku zo ku gani, yau bebiya ta yi magana, to 'yar birni mai ilimi, faɗa mini itacen da yake zubar da ganye in damina ta sauka, ya yi kore in kowa ya bushe. 'Yata ta juyo ta dube ni. Na raɗa mata gawo. Inna ta ce ta ji, satar amsa ce, amma ta yafe na yau.

Daga nan Juma'a ta zama abin da ake shiri dominsa. Tun Laraba yarinyar take bin uwarta kicin tana tambayar sunan wannan da wancan, tana bi na har mota. Inna ta tambaye ta tsuntsun da zuwansa yake sa manomi ya gyara fartanya, ta koyi shamuwa. Ta tambaye ta bambancin gero da maiwa, da abin da ake yi da ƙaiƙayi, da sunan kakan kakanta wanda ya haƙa rijiyar bakin kasuwa, wanda ni kaina sai da na tambayi ƙanena a ɓoye. Ita ma ta riƙa ramawa da nata. Ta ce Kaka ta faɗi jirgin da yake tafiya a ƙarƙashin ƙasa babu direba. Inna ta ce ƙarya ce, ba a gasa da ƙarya, sai da muka hau muka ɗauko mata hoto. Iyayen injiniya sun koma ƙasarsu tun kafin sanyi ya wuce, ban sake ganin su ba. Na ba ɗansu labari, ya ce zai faɗa musu, ban sani ba ko ya faɗa.

Ni kuwa aka mai da ni ɗan kallo. In na gaishe da Inna sai ta ce a ba ta abokiyar faɗanta. Ina tsayawa a bayan yarinyar, jikin ƙofa, ina jin daɗi ina kuma jin ɗan kishi, ba zan ɓoye ba. Wani lokacin in na lumshe ido, ƙwarya daga can da gwangwani daga nan sukan haɗu su zama kiɗa ɗaya, ɗakin ya yi faɗi, in rasa a wace ƙasa nake tsaye.

Wata Juma'a cikin zafi, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, gasa ta yi nisa, sai Inna ta rage kiɗa. Ba ta ɗago ido ba, ƙwaryar take kallo. Ta rera:

"Ke mai ido kamar na mujiya,
tunda kin ce kin san komai,
wancan da ke tsaye bayanki,
fari na gani a haɓarsa, ko hasken waya ne?
Yana cin abinci kuwa, ko sai an bi shi?"

Tunda nake ban taɓa jin ta tambayi wani abu a kaina ina wurin ba. 'Yata kuwa ba ta ko waiwayo ni ba, karo na farko da ta sami tambayar da ba ta buƙatar taimakon kowa. Ta buga gwangwaninta da ƙarfi, ta ce furfura ce, yana tsige ta a madubin mota. Ta ce a tsaye yake cin abinci, yana ci yana duba agogo. Ta ce kuma duk ranar da aka gama waya da Kaka, yakan sauka ƙasa ya shiga mota ya zauna shi kaɗai, ba ya tayar da ita, ba ya zuwa ko'ina. Ban san tana leƙe ta taga ba. Sannan ta yi abin da tsarin gasa ya ce, ta mayar da tambaya:

"Ke Kaka mai bakin tsiya,
ga shi nan, ba kurma ba ne,
me ya hana ki tambaye shi?"

Hannun Inna ya tsaya a kan ƙwarya. Ƙanena ya kau da kai. Aka yi shiru har na ji wata akuya tana kuka a can gida. 'Yata ta jira, ta ƙara jira, sannan ta yi tsalle ta ce ta ci, Kaka ta yi shiru, an kayar da ita. Ta dube ni don in taya ta murna, sai ta ga fuskata, ta koma ta zauna a hankali.

Inna ta ja gefen mayafinta ta goge hanci. Ta ɗago kai, ba gefe ta kalla ba, ni ta kalla, ta cikin wayar nan, har na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Kai. Ka riƙa zama in za ka ci abinci."

Na ce, "To, Inna."